Digiri a Hartum Ko Akwati a Ƙauye?

Akwai wata gardama da 'yan Sudan suka shafe fiye da shekara ɗari suna yi, har yau kuma ba a kai ƙarshenta ba: wa ya kamata a horar don kula da lafiyar mutanen karkara, kuma a ina za a horar da shi? A Umdurman aka soma ta. A 1921 wata Baturiyar Ingila mai suna Mabel Wolff, wadda ta iya Larabci tun zamanta a Masar, ta buɗe makarantar horar da ungozomomi a garin. Ɗalibanta ba 'yan mata ba ne masu takardar makaranta. Ungozomomin gargajiya ne da zawarawa da matan aure, galibinsu ko bihim ba su sani ba.

A wancan zamani mai naƙuda a tsaye ko a tsugune take haihuwa, tana riƙe da igiyar da aka ɗaura a rufin ɗaki. Ungozoma tana ƙasa tana lalube a ƙarƙashin mayafi, da aska a hannu, domin yawancin matan an yi musu kaciyar nan mai tsanani wadda ake ɗinke gaba, sai an tsaga kafin kan jariri ya samu hanya. Wolff ta koya wa ɗalibanta yanke farce, wanke hannu da sabulu, tafasa almakashi, da kwantar da mai naƙuda a kan gado inda ido zai ga abin da hannu yake yi. Tun da ba za su iya karanta rubutun jikin kwalba ba, sai aka koya musu gane kowane magani ta warinsa da ɗanɗanonsa da launinsa. Wadda ta kammala watanninta a ba ta akwatin ƙarfe da kayan aiki a ciki, ta koma garinsu. Daga baya 'yar uwarta Gertrude ta zo ta kama mata, suka riƙe makarantar har 1937. Cikin matan Sudan da suka taso a hannunsu akwai Sitt Batul Muhammad Isa, wadda ta zama babbar malama a makarantar, ta horar da mata masu yawan gaske.

A ɗaya gefen kogi kuwa, wata hanya ce daban ake shimfiɗawa. A 1924 aka buɗe Makarantar Koyon Likitanci ta Kitchener a Hartum, wadda ta zama tsangayar likitanci ta Jami'ar Hartum. A nan Khalida Zahir, 'yar Umdurman, ta kammala a 1952, tana cikin mata biyu na farko da suka zama likitoci a ƙasar. A 1956, shekarar samun 'yancin kai, aka kafa Kwalejin Jinya ta Hartum da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, tana ɗaukar 'yan matan da suka gama sakandare tana ba su horo mai zurfi na shekaru. Shekara guda bayan haka aka buɗe babban asibitin haihuwa na Umdurman, wanda kowa ke kira Asibitin Dayat. Tun daga lokacin ƙasar take tafiya da tsari biyu: ga mai akwati a ƙauye, ga sista mai fararen kaya a birni. Kowanne yana da magoya baya, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya.

Masu goyon bayan dogon karatu daga makabarta suke fara magana. Me ke kashe mata a wajen haihuwa? Zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, da zazzaɓin da ke biyo bayan ƙwayoyin cuta sun shiga mahaifa. A ɗauki na farkon kaɗai. Jariri ya faɗo lafiya, an yanke cibi, mata sun fara guɗa a tsakar gida, amma mabiyiya ta ƙi fita gaba ɗaya, ko kuma ta fita mahaifa ta ƙi tsukewa. Zane na farko ya jiƙe, an sauya na biyu. Mai jego ta ce tana jin ƙishirwa, ta ce tana ganin duhu-duhu, tafin hannunta ya yi sanyi. A wannan hali mace na iya cikawa cikin awa biyu. Abin da ake bukata shi ne mutumin da zai gane tun a zanen farko cewa wannan ba jinin biƙi ba ne, ya murza mahaifa, ya yi allurar da ke tsuke ta, ya nemo jijiya a hannun da ya riga ya fara sanyi ya ɗaura ƙarin ruwa, in ta kama ya sa hannu ya ciro abin da ya maƙale, sannan ya san lokacin da aikin ya fi ƙarfinsa. Masu wannan ra'ayi suna cewa horon shekara guda ga matar da ba ta yi firamare ba ba zai ba ta wannan ba. Ƙungiyar ungozomomi ta duniya ma shekara 3 ta gindaya a matsayin mafi ƙarancin horo ga wadda ta shiga aikin kai tsaye, wata 18 kuma ga wadda ta riga ta zama nas.

Suna da wata hujja ta alƙaluma. Babban binciken gidaje da aka yi a Sudan a 2014 ya nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na haihuwa a gida ake yi, amma kuma ya nuna kusan kashi 78 cikin 100 ma'aikacin lafiya mai horo ne ya karɓe su. A takarda abin gwanin sha'awa ne. To amma mafi yawan waɗannan masu horon ungozomomin ƙauye ne, waɗanda ba su kai mizanin da duniya ta sa ba. Saboda haka, in ji masu sukar, alƙaluman suna rufa wa gwamnati asiri ne kawai, suna sa a ga kamar an gama aiki alhali mata na ci gaba da mutuwa.

Sai batun adalci, wanda shi ne ya fi ratsa zuciya. Ministan da ya sa hannu a kan shirin horon wata goma sha biyu, matarsa a wane asibiti take haihuwa? In har matar birni ta cancanci sista mai digiri, da wane dalili za a ce matar Gadarif ko ta Kurdufan ta yi haƙuri da rabin ilimi? Tsarin da aka kawo a matsayin na wucin gadi a zamanin Turawa ya zama na dindindin, saboda yana da araha, kuma waɗanda yake cutarwa ba su da murya. Haka nan su kansu ma'aikatan jinya sun gaji da a riƙa kallonsu a matsayin 'yan aiken likita. Digiri ne ke ba nas bakin magana a ɗakin taro, shi ne ke ba ta damar koyarwa da yin bincike da sunanta.

Akwai kuma zargi mafi nauyi, na kaciyar mata. 'Yan uwan nan biyu, Mabel da Gertrude, sun ga ba za su iya hana al'adar ba, sai suka koya wa ɗalibansu wani nau'i da suke ganin ya fi sauƙi, a yi shi da tsabta. Masaniyar nan Janice Boddy ta bi diddigin wannan a littafin da ta wallafa a 2007 kan mata da mulkin mallaka a Sudan. An yi dokar hana kaciya mai tsanani a 1946, har aka yi bore a Rufa'a a kan haka, amma al'ada ta ci gaba, kuma sau da yawa hannun ungozoma mai horo ne ke yin ta, shi ne kuma ke sake ɗinke mai jego bayan haihuwa. Binciken 2014 ɗin nan ya samu kusan kashi 87 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 an yi musu kaciya. Sai a Yulin 2020 aka mai da ita laifin da ke jawo ɗaurin da zai iya kai shekara 3. Masu ra'ayin digiri suna cewa ga sakamakon ɗaukar mace daga cikin al'ada a ba ta almakashi mai tsabta ba tare da an sauya mata tunani ba.

Duk wannan gaskiya ne. Matsalar ita ce Sudan ta riga ta gwada maganin da suke bayarwa, an kuma ga yadda ta kaya.

A 2001 ma'aikatar lafiya da ta ilimi mai zurfi, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, suka fitar da wata sanarwa ta ɗaga karatun jinya da sauran fannonin taimakon lafiya zuwa matakin jami'a. Niyya ce mai kyau. Amma tsofaffin makarantun jinya da ke jingine da asibitoci a jihohi, waɗanda ke ɗaukar 'ya'yan talakawan yankin suna koya musu aiki a bakin gadon majinyaci, sai suka durƙushe, jami'o'i kuma ba su cike gurbin ba. Dalilin a fili yake. Tun daga 1990, lokacin da gwamnatin Umar al-Bashir ta buɗe ƙofar kafa jami'o'i barkatai, makarantun likitanci suka tashi daga 'yan ƙalilan zuwa gommai, domin kowane uba so yake a ce ɗansa likita ne, kuma a nan kuɗin yake. Yaron da ya ci jarrabawa da kyau ba ya zaɓen jinya. Aka wayi gari ƙasar tana yaye likitoci fiye da ma'aikatan jinya, abin da ya saɓa wa hankali, tun da likita ɗaya nas da yawa yake bukata kafin aikinsa ya tafi daidai. Ala tilas a 2005 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta kafa Kwalejin Kimiyyar Lafiya mai rassa a jihohi, don ta koma horar da nas-nas da ungozomomi da mataimakan likita kusa da garuruwansu. Shekara huɗu kacal aka yi kafin a gane an yi gaggawa.

Wannan ita ce hujja ta farko ta masu goyon bayan mai akwati, kuma a ganina ita ce mafi ƙarfi a duk muhawarar. Ta biyu tana biye da ita. Takardar digiri takardar tafiya ce. Yarinyar da ta yi shekara huɗu a Hartum, ta koyi aiki da Ingilishi, ta saba da lantarki da ruwan famfo, ta samu shaidar da asibitocin Riyad da Jidda da Doha suka amince da ita, me zai mai da ita wani ɗakin shan magani a bayan Sinnar, inda albashin wata ba ya kai ta mako biyu? Ba a zarginta. Iyayenta sun sayar da abin da suke da shi sun biya mata karatu, ƙannenta na jiran ta. Amma sakamakon shi ne talakan Sudan ne ke biyan kuɗin horar da ma'aikatan asibitocin Saudiyya. Matar da aka ɗauko daga ƙauye kuwa, mai miji da 'ya'ya da gona a can, babu inda za ta. Da damina, lokacin da baƙar ƙasar Jazira da Gadarif ta zama taɓo, mota ta kasa shiga ta kasa fita na kwanaki, ba a tambayar wa ya fi ilimi. Wadda za a iya buga wa ƙofa da tsakar dare ake nema.

Hujja ta uku ta shafe mu, 'yan arewacin Nijeriya, kai tsaye. A gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar akwai garin Mai Wurno, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa tare da jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Akwai Hausawa da Fulani da Barebari a Gadarif da Kasala da Damazin, da kuma a matsugunan leburorin gona da ke gefen ƙauyukan Jazira, inda sau da yawa babu asibiti babu makaranta. A irin waɗannan gidaje za ka samu tsohuwar da Larabcinta na kasuwa ne kawai, da amaryar da kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa baƙuwa abin da ke damunta a ƙasan cibiya ba. Haka abin yake ga Beja a gabas, da Nuba, da Fur a yamma. Sista daga Hartum za ta iya auna hawan jini, amma ba ita za a gaya wa cewa mai cikin tana shan wani jiƙo ba, ko cewa maigida ya hana zuwa awo, ko cewa uwar miji ta rantse a ɗakinta za a haihu. Wadda ta san waɗannan, ta kuma san ta wace ƙofa ake shiga wa maigidan, ita ce wadda aka yi wasan ƙasa da ita a unguwar.

Game da zargin kaciya, ina ganin masu yin sa sun faɗi gaskiya amma sun tsaya a rabin hanya. Shekaru da dama mafi yawan ungozomomin ƙauye ba sa cikin jerin masu karɓar albashin gwamnati. An horar da su, an ba su akwati, an sallame su. Abincinsu yana hannun iyalan da suka yi wa aiki: ɗan kuɗi, sabulu, sukari, turare. Macen da cefanenta ya dogara da farin cikin uwar miji da kaka, yaya za ta ce a'a idan an kawo mata yarinya a yi mata abin da aka yi wa uwarta da kakarta? Ko digiri uku aka ba ta, in aka bar ta a wannan hali, ciki ne zai yi hukunci. Haka nan safar hannu da magungunan da ke akwatin in sun ƙare da kuɗinta take sayen wasu, ko ta yi aiki babu su. Wani shiri da hukumar raya ƙasashe ta Japan ta soma a jihar Sinnar a 2008 bai tsaya jayayya a kan digiri ba. Ya tattaro ungozomomin da ke bakin aiki ya sabunta musu horo, ya sauya musu kayan aiki, ya haɗa su da jami'an lafiya mata masu zagayawa suna duba su. Akwai waɗanda tun da suka bar makaranta ba wanda ya sake tambayar su yadda suke aiki.

Idan aka zo batun bincike, gardamar ba ta sauya ba, tufafi kawai ta sauya. Hartum tsohuwar cibiyar bincike ce. A 1903 aka buɗe ɗakunan binciken cututtuka na Wellcome a Kwalejin Gordon ƙarƙashin Andrew Balfour, a 1907 kuma aka ƙera musu ɗakin gwaji a kan jirgin ruwa, yana bin Kogin Nilu yana tsayawa a garuruwa ana ɗibar jini da sauro da ƙudaje. A asibitin Hartum ne likita Christopherson ya gano maganin tsargiya na farko mai aiki, wajen 1918. Ba ƙaramin abu ba ne. Amma salon ya zauna: masani ya taso daga birni, ya ɗebi abin da yake so, ya koma. Har gobe akwai ƙauyukan da suka gaji da baƙi masu takardar tambayoyi, waɗanda ke ƙirga yara da awaki da masai, su yi godiya, ba a sake jin ɗuriyarsu.

An yi ƙoƙarin gyara wannan ta hanyar karatu. Jami'ar Ahfad ta mata da ke Umdurman, wadda asalinta makarantar 'yan mata ce da Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907, ɗansa Yusuf Badri kuma ya mai da ita kwaleji a 1966, ta wajabta wa ɗalibanta fita karkara rukuni-rukuni, su kwana a ƙauye, su tattara bayanai, su tattauna da mata kan lafiya da abinci da kaciya. Tsangayar likitanci ta Jami'ar Jazira a Wad Madani, wadda aka kafa a 1975, ta ma fi zurfafawa: ɗalibai su ɗauki ƙauye, su gano matsalarsa, su dawo su yi wani aiki a kai, su sake dawowa su auna ko ya yi amfani. Masu yabo suna cewa 'yar birnin da ta taɓa jan guga a rijiyar ƙauye ba za ta rubuta manufa irin ta wanda bai taɓa fita ba. Masu suka suna cewa ɗalibar ce ke ƙaruwa, ƙauyen kuwa darasi ne kawai a gare ta. Ina ganin duka biyun haka ne, sai dai ziyarar kwanaki ba ta ganin abin da ke faruwa a watan da hanya ta yanke, wanda kuma shi ne watan da aka fi mutuwa.

Misalin da ya fi koya mini wani abu shi ne na ciwon da likitoci ke kira maisetoma, 'yan Sudan kuma nabit. Manomi ko makiyayi yana tafiya ba takalmi, ƙaya ta soke shi, ƙwayar cutar da ke cikin ƙasa ta shiga. Wani ɗan kumburi ya fito a ƙafa, ba ya zafi, don haka ba a kula. A hankali, cikin watanni ko shekaru, ƙafar ta kumbura ta huhhuje tana fitar da ruwa da wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, ciwon ya ci nama ya kai ga ƙashi. Kafin a kai mutum babban asibiti an riga an zaga wajen masu magani, an yi ƙuna an yi tsaga, sau da yawa abin da ya rage shi ne a yanke ƙafar. A 1991 Farfesa Ahmad Hasan Fahal ya kafa cibiyar binciken wannan ciwo a asibitin koyarwa na Soba, ƙarƙashin Jami'ar Hartum. Da ƙoƙarin cibiyar da abokan aikinta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon a jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2016, a 2017 kuma aka fara gwajin wani sabon magani, fosrabukonazol, wanda ake sha sau ɗaya a mako maimakon tsohon da ake sha kullum.

Wannan nasara ce ta ɓangaren dogon karatu, babu musu. Ba a gwajin magani da akwatin ƙarfe. Ana bukatar masu digiri, da na'urori, da nas ɗin da ta san yadda ake rubuta bayanin majinyaci ba kuskure har tsawon shekara. Amma ita kanta cibiyar ta gane cewa zama a Soba ana jiran marasa lafiya yana nufin jiran ƙafafun da suka riga suka lalace. Sai ta fita zuwa ƙauyukan jihar Sinnar irin su Wad Onsa, ana bi gida-gida ana duba mutane, ana yin tiyata a can, ana horar da ma'aikatan lafiya na yankin su gane ciwon tun yana ɗan kumburi, ana jan hankali kan sa takalmi da nisanta garken dabbobi da shingen ƙaya daga ɗakunan kwana. Wato ilimin yana birni, amma idon da zai ga kumburin a makonsa na farko dole ya kasance mazaunin ƙauyen ne.

Sai ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF, a tsakiyar Hartum. Cikin kwana goma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa mayaƙa sun mamaye babban ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa. Asibitin Dayat ya daina aiki. Jami'o'i suka watse, malamai da ɗalibai suka bazu zuwa Masar da ƙasashen Larabawa da jihohin da ba a yaƙi. Wad Madani, inda da yawa suka fake, ita ma ta faɗi a Disambar 2023. Hukumar ta ce kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na asibitocin yankunan da ake yaƙi sun tsaya. A Umdurman asibitin Al-Nau na cikin 'yan kaɗan da suka ci gaba da karɓar mutane, ana ruwan harsasai. Da sojoji suka ƙwato Hartum a Maris ɗin 2025, aka tarar an wawushe cibiyar maisetoma an lalata ta, da samfuran da aka shafe shekaru ana tarawa. Ƙasar ta zuba ƙwanta duka a kwando ɗaya, kwandon kuma ya faɗi. Waɗanda suka rage suna karɓar haihuwa da ɗaure rauni da haɗa ruwan gishiri da sukari lokacin da kwalara ta ɓarke su ne ma'aikatan unguwa, da matasan da suka kafa ɗakunan agajin gaggawa, da ungozomomin da dama can ba su da fasfo.

Ba na so a ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa gajeren horo ya isa. Matan da suka bukaci tiyata a waɗannan watanni ba su samu ba sun mutu, da ungozoma a gefensu ko babu. Abin da yaƙin ya nuna shi ne haɗarin tara makarantu da ɗakunan gwaji da ƙwararru a gari ɗaya.

Ni dai ina tare da masu cewa a fara daga ƙauye, amma da sharuɗɗan da masu ra'ayin digiri suka tilasta mini karɓa. Zamanin gane magani da hanci ya wuce, yanzu akwai 'yan matan karkara da suka yi makaranta, su ya kamata a nema, jama'arsu su zaɓe su, a horar da su a babban garin jiharsu ba a Hartum ba. A sa su a albashi tun ranar da suka fito. A bar musu ƙofa a buɗe, wadda ta yi shekaru tana aiki ta iya komawa ta ɗora difloma, daga nan digiri, ba tare da an ce ta koma farko ba. A ba ta waya da lambar asibitin da zai amsa, da motar da za ta zo. Sannan a ba ta rajista, a koya mata rubuta kowace haihuwa da kowace mutuwa da dalilinta, a riƙa dawo mata da abin da aka gano daga rubutun nata. Ungozoma ɗari biyar masu rubuta gaskiya duk wata sun fi tawagar bincike mai zuwa sau ɗaya a shekara biyar sanin abin da ke kashe mata.

Mu ma a arewacin Nijeriya mun ɗanɗana irin wannan. Shirin tura ungozomomi karkara da aka soma a 2009 ya kai ma'aikata ƙauyuka, amma da alawus ya riƙa makara, masauki ya gagara, da yawa suka tattara suka koma. Shi ya sa daga baya aka juya ga ɗauko 'yan matan ƙauyukan da kansu ana share musu fagen shiga makarantun jinya a jihohi irin su Kano da Katsina da Jigawa.

Akwai dai wurin da masu ra'ayin digiri suka fi ni gaskiya, kuma a halin da Sudan ke ciki yanzu shi ne ya fi tsanani. Makarantar jiha ba ta koyar da kanta. Kowace makarantar ungozoma a Sinnar ko Kasala ko Ubayyid tana bukatar malamai masu zurfin ilimi, da asibitin da ɗalibai za su ga haihuwa mai wuya a hannun wanda ya iya. Waɗannan malamai Hartum da Umdurman da Wad Madani ne suka yaye su, kuma da yawansu yanzu suna Alƙahira da Riyad, 'ya'yansu sun shiga makaranta a can. Duk wanda zai sake gina karatun jinya a ƙasar, kafin ya yi zancen gini ko manhaja, sai ya fara da lissafin nawa zai biya malamar jinya har ta yarda ta bar albashin Saudiyya ta zo ta zauna a Sinja ta jihar Sinnar.